Yadda Ake Amfani da Kiɗa da Waƙa Wajen Kusantar Yaro Mai Lalurar Galahanga

Iyayen yara masu lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, sukan lura da wani abu mai ɗaure kai: yaron da ake ta kiran sunansa bai waiwayo ba, da zarar an rera masa waƙa sai ya ɗago kai. Tun a shekarar 1943 likitan nan Leo Kanner na Amurka, wanda ya yi bayanin lalurar a kan yara 11, ya rubuta cewa wasu daga cikinsu suna haddace waƙoƙi tun suna ƙanana ƙwarai. A 1959 kuma Paul Nordoff, wanda makaɗi ne, da Clive Robbins, malamin yara masu buƙata ta musamman, suka fara aiki tare a Ingila da wata hanya da har yau ake koyar da ita, wato a saurari abin da yaro ke yi, sannan a amsa masa da kiɗa. Wannan hanyar ce uwa ko uba a Jos za su iya ɗaukar tushenta su yi aiki da shi a tsakar gida.

Kafin a fara, wajibi ne a san iyakar abin. Kiɗa ba ya warkar da galahanga, kuma duk wanda ya nemi kuɗinku da wannan alƙawari ku guje shi. Wani babban bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya ƙunshi yara 364 a ƙasashe tara, bai ga raguwar tsananin alamomin lalurar ba bayan wata biyar ana yi wa yaran wannan aiki. Sai dai bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta fitar a 2022, wadda ta tattara bincike 26, ta nuna cewa akwai yiwuwar a samu sauƙi a yanayin yaron gaba ɗaya da jin daɗin rayuwarsa. Saboda haka abin da ake nema shi ne yaron ya saba da yin abu tare da wani, ya yi nasa, ya jira, a amsa masa. A fara kai shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, a auna jinsa a kuma tabbatar da abin da ke damunsa, domin yaron da kunnensa ke da matsala shi ma ba ya waiwayowa idan an kira shi.

A zaɓi ɗaki guda da lokaci guda a kullum, misali bayan la'asar, lokacin da yaron ya ci abinci ya huta. A kashe rediyo da talabijin, a ajiye waya, idan janareta na ruri a jira ya mutu. A shimfiɗa tabarma, a lokacin hunturu kuma a ɗora bargo a kai, domin sanyin simintin Jos kaɗai ya isa ya hana yaro zama. Minti goma sun isa da farko. A riƙe gajeriyar waƙa ɗaya ta buɗewa mai ɗauke da sunan yaron, da wata ta rufewa, kada a canja su, saboda waɗannan yara suna samun natsuwa idan sun san abin da zai biyo baya.

Kayan aiki suna cikin gida: ƙwarya a kife, ko shantu, ko gorar roba da aka zuba wa tsabar masara aka ɗaure murfinta tamau don kada ya haɗiya. Kowanne a tanadi guda biyu, ɗaya naki ke uwa, ɗaya na yaron. A gidajen da ba a son kayan kiɗa saboda dalili na addini, murya da tafi da buga cinya sun wadatar, kuma a ganina babu abin da aka rasa, domin muryar uwa ta fi kowace ganga isa kunnen ɗanta.

Ainihin aikin yana wajen bin yaron, kuma a nan ne yawancin manya suke gaggawa. Ki zauna daidai tsayinsa, kada ki umarce shi da komai. Idan ya bugi ƙwarya sau biyu, ke ma ki bugi taki sau biyu, da irin ƙarfinsa da irin saurinsa. Idan yana rangaji gaba da baya, ki ɗora waƙarki a kan rangajin nasa. Idan wani sauti yake maimaitawa, ko da ba kalma ba ce, ki mayar masa da shi cikin rerawa. Wata rana za ki ga hannunsa ya tsaya a sama, ya saci kallon ƙwaryarki, ya sake bugawa sau ɗaya don ya gwada ko za ki bi shi. A wannan lokacin ya gane cewa abin da ya yi ya isa wurin wani mutum.

Daga nan sai a shigo da shiru. Ki rera waƙar da ya saba da ita, ki tsaya kafin kalmar ƙarshe, ki ƙirga har goma a zuci ba tare da kin ce “faɗi mana” ba. Duk abin da ya kawo, ko gunaguni, ko taɓa hannunki, ko kallo na ɗan lokaci, ki karɓe shi a matsayin amsa, ki ƙarasa waƙar nan take da fara'a. Jiran yana da wuya ga uwar da ta daɗe tana marmarin jin “Umma” daga bakin ɗanta, amma idan ta riƙa cike gurbin da kanta, yaron ba zai ga dalilin buɗe baki ba. Idan wannan ya zauna, sai a sa kalmomin yau da kullum a cikin waƙa, a yi ta wanka, ta sa takalmi, ta wanke hannu, kowace da kalma uku ko huɗu da ake maimaitawa a daidai lokacin aikin.

Da yawa daga cikin waɗannan yara ƙara tana yi musu zafi fiye da yadda sauran mutane ke ji. Idan ya toshe kunne, ko ya juya baya, ko ya fara kuka, a sassauta murya ko a dakata sai gobe. Kada a kama haɓarsa don ya kalli ido, kada a riƙe hannunsa a tilasta masa bugu, kada kuma a ce tunda yana son kiɗa a zaunar da shi kusa da lasifika a gidan biki.

Bayan 'yan makonni a shigo da yaya ko yayarsa guda ɗaya, a koya musu jira kamar yadda ke kika koya, domin karɓa-karɓar ta zama ta mutum uku. A riƙe ƙaramin littafi ana rubuta kwanan wata, da waƙar da aka yi, da abin da yaron ya amsa da shi, da abin da ya ɓata masa rai. Wannan littafin a tafi da shi ranar ganin likita, a kuma nuna wa malamar ajinsa, domin ta yi amfani da waƙar buɗewa da ta rufewa iri ɗaya a makaranta.