Yadda Ake Bayanin Zanen Sarrafa Kaya a Rubutun Jarrabawar IELTS

Na daɗe ina zama da matasa a nan Katsina muna shirin jarrabawar IELTS, wato gwajin iya Turanci da ake nema wurin mai son karatu ko aiki a ƙasashen waje. Galibinsu ma'aikatan jinya ne, sai waɗanda suka gama digiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Dutsin-Ma suna neman ƙaro karatu a Ingila ko Kanada ko Ostireliya. Akwai tambaya guda da in ta fito a gwaji sai ajin ya yi tsit: zanen masana'anta, akwatuna da kibiyoyi, ana nuna yadda ake yin siminti ko bulo ko takarda ko sukari, a ce ka bayyana da Turanci. Nan take wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni fa ban taɓa leƙa kamfanin siminti ba, me zan rubuta?"

Babu wanda ya tambaye ka ilimin siminti. Duk abin da ake so ka faɗa yana cikin zanen, kuma salon da ake so ka faɗe shi da shi yana bakinka tun kana yaro, cikin Hausa. Zan zo kan wannan.

Tukuna ga tsarin. Awa guda ake bayarwa a ɓangaren rubutu, aiki biyu. Na farko kalma 150 aƙalla, ana so ya ci minti 20. Na biyu kalma 250, minti 40, kuma makinsa ya ninka na farko. Zanen sarrafa kaya a aikin farko yake fitowa, ga masu rubuta nau'in Academic kaɗai, wato wanda jami'o'i ke nema. Masu ɗaya nau'in, General Training, wasiƙa suke rubutawa. Abu huɗu mai dubawa yake aunawa, kowanne kashi 25 cikin 100: cika abin da aka nema, tsari da haɗin zance, yalwar kalmomi, da nahawu. Ma'aikaciyar jinya mai son rajista a Ingila tana buƙatar maki 6.5 cikin 9 a rubutu, 7 a sauran ɓangarori ukun, wato sauraro da karatu da magana. Na ga mutanen da rabin maki ya sa suka sake biyan kuɗin jarrabawa, kuɗin da ba na wasa ba, shi ya sa nake ɗaukar waɗannan minti 20 da muhimmanci.

Fara da kallo, minti biyu ko uku

Ajiye abin rubutu. Nemo inda aikin ya fara da inda ya ƙare. Ba kullum yake farawa daga hagu ba; wani zanen daga sama yake gangarowa, wani yana zagayawa ya komo inda ya taso, kamar na sake sarrafa kwalabe. Bi kibiyoyin da yatsa, ka ƙirga matakan, ka sa wa kowanne lamba a jikin takardar tambaya. Duba me ya shiga tun farko, me aka ƙara a tsakiya, me ya fito a ƙarshe. Idan kibiya ta rabu biyu, yi alama a wurin, don nan ne mutane suka fi tsallake rabin aiki. Duk wani adadi da aka rubuta, na zafi ko na awanni, zagaye shi. Zai shiga amsarka.

Faɗe shi da Hausa a zuciyarka

Nan ne sirrin yake a wurina. Je ka tambayi kowace mai sana'ar ƙuli-ƙuli a unguwarku yadda ake yi. Ba za ta ce maka "ina soyawa" ko "za ka soya" ba. Cewa za ta yi: ana ɓare gyaɗa, a soya ta, a murje a sheƙe, a kai inji a markaɗa, a zuba ruwan zafi ana tuƙawa har mai ya taso, a kwashe man, tunkuzar da ta rage a murza ta a soya. Dubi zancen da kyau. Babu sunan mai yi ko sau ɗaya. Ana, a, an. Hankali duka yana kan gyaɗar da abin da ke samunta.

To wannan shi ne abin da Turawa ke kira "passive voice", wanda ake ta tsorata ɗalibai da shi tun daga sakandare. "Ana markaɗa gyaɗar" shi ne "The groundnuts are ground". "Ana zuba ruwan zafi" shi ne "Hot water is added". Ƙa'idar ba ta da yawa: abin da ake sarrafawa ya zo gaba, sai "is" ko "are", sai siffa ta uku ta aikatau, irin su "ground" da "added". Lokacin kuma na kullum ne, domin haka ake yi jiya, haka ake yi yau. Duk inda Hausarka ta ce "ana", Turancinka ya bi wannan hanya. Duk inda Hausarka ta ce abin da kansa ya yi, kamar "mai ya taso" ko "garin ya bi ta bututu", sai ka bar shi a miƙe: "the oil rises", "the powder passes through a pipe". Kunnenka na Hausa ya riga ya san bambancin, kuma cuɗa salon biyu yana ƙara maka maki a nahawu.

Hattara da fassara kai tsaye dai. Suya ɗaya muke da ita, su kuwa sun raba: gyaɗar da aka soya ba mai "roasted" ce, ƙulin da aka jefa cikin mai "fried" ne. Sannan a Hausa gyaɗa "ita" ce, yumɓu "shi" ne, sai ka ga ɗalibi cikin sauri ya rubuta "she" ko "he". A Turanci duka "it" ne, ko "they" in suna da yawa.

Jimlar buɗewa

Jimla guda ta isa. Ka sake faɗin tambayar da kalmominka. Idan an ce "The diagram below shows how cement is made", kai ka ce "The diagram illustrates the stages involved in the production of cement". Cire "below", don babu zane a ƙarƙashin rubutunka. Kada ka ɓata fiye da minti ɗaya a nan.

Taƙaitawa, wadda ba a wasa da ita

Idan baƙo ya tare ka a tasha ya tambayi hanyar Daura, ba za ka fara lissafa masa kowace kwana ba. Za ka ce masa hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, ta Mashi za ka bi. Ya samu hoton tafiyar a kansa, sauran bayani ya biyo baya. Haka ake so ka yi wa mai duba takardarka, kuma a ma'aunin da suke amfani da shi, wanda bai kawo taƙaitawa bayyananniya ba ba ya kaiwa 7 a cika abin da aka nema, komai kyan Turancinsa.

Abu uku za ta ɗauka: matakai nawa ne, da me aka fara, da me aka gama. A ce zanen siminti ne mai mataki biyar, an farfasa dutsen farar ƙasa da yumɓu, an gauraya, an gasa a cikin tanderu mai juyawa, an niƙa, an ɗura a buhu. Sai ka rubuta: "Overall, the process consists of five main stages, beginning with the crushing of raw materials and ending with the packing of cement into bags." In akwai wani abu babba da ya fito fili, misali aikin zagaye yake yi ko kuma inji ne ke yin kusan komai, ƙara jimla ta biyu. Adadi da ƙananan bayanai ba nan ne wurinsu ba. Ni na fi son a sa ta nan da nan bayan jimlar buɗewa. Wanda ya bar ta sai ƙarshe, sau da yawa lokaci ne ke cinye ta.

Gangar jikin bayani

Raba matakan gida biyu, sakin layi biyu. Nemi mahaɗa ta hankali, kamar inda ɗanyen kaya ya gama shiri ya shiga wuta. Bi su a jere yadda ka sa musu lamba, kada ka tsallake ko guda.

Zanen zai ba ka sunaye, aikinka shi ne ka mai da su aikatau. An rubuta "crusher", kai ka ce "are crushed". An rubuta "mixer", ka ce "is mixed". Masu kayar da mutane su ne waɗanda ba sa bin ƙa'ida: "grind" ya koma "ground", "dig" ya koma "dug", "cut" ya zauna yadda yake, "freeze" ya koma "frozen". Haddace su kamar yadda ka haddace jadawalin lissafi. Idan ka ga inji ba ka san sunansa ba, faɗi aikinsa kawai: "a machine which breaks the stones into powder".

Wajen haɗa zance, yawancin ɗalibaina "then" suke jerawa har sau shida, alhali a Hausa ba haka suke magana ba. Muna cewa daga nan, bayan an gama, da zarar ya huce, kafin a ɗura. Kowanne yana da ɗan'uwansa: "after that", "once it has cooled", "before being packed", "after which". Dubi yadda biyu daga ciki ke ɗinke matakai uku a jimla guda: "Once the powder has been mixed, it passes through a rotating heater, after which it is ground into cement." Jimla irin wannan guda biyu ko uku sun wadatar. Sauran ka bar su gajeru masu tsabta, don doguwar jimla mai kuskure ba ta fi gajeruwa mai lafiya ba.

Abin da ka sani daga waje, riƙe abinka. Wataƙila ka san ana yin siminti a Kalambaina ta Sakkwato da Obajana ta Kogi, ka san buhu kilo 50 ne. In zanen bai nuna ba, bai shiga ba. Haka ra'ayi: ba a tambaye ka ko aikin yana da wahala ko yana gurɓata iska ba. Ba a kuma buƙatar jimlar rufewa. Mataki na ƙarshe ya ƙare, rubutu ya ƙare.

Minti biyu na dubawa

Bi kowane "is" da "are" ka ga ya dace da abin da ke gabansa. "Clay is", "sand is", "water is", amma "bricks are". Duba "a" da "the": karon farko da ka ambaci inji "a mixer" ne, in ka sake komawa kansa "the mixer". Kwatanta rubutun kalmominka da na jikin zanen, don abin takaici ne a ba ka kalma a rubuce ka kwafe ta da kuskure. A kwamfuta za ka ga adadin kalmominka a allo. A takarda kuwa sai ka san tun daga gida kalma nawa layinka yake ɗauka. Tsakanin 160 da 190 ya yi daidai. Minti 20 na cika, tashi ka koma aiki na biyu ko da ranka yana son ƙarin gyara.

Wajen atisaye ba sai ka jira littafi ba. Tsaya wurin masu buga bulo a bakin titi, ko masu yin mazarƙwaila, ko majema, ka roƙi ɗaya ya faɗa maka aikin daga farko har ƙarshe. Koma gida ka zana akwatuna da kibiyoyi da hannunka, ka nemo sunayen kayan a ƙamus, ka saita agogon waya a minti 20 ka rubuta. Washegari ka ba abokin karatunka rubutun ba tare da zanen ba, ka ce ya zana abin da ya karanta. Duk akwatin da ya ɓace a zanensa, nan ne za ka koma ka gyara.