Yadda za ka ja doguwar wayar intanet a gida ba tare da gudunta ya ragu ba

Kusan duk wanda ya kira ni a kan intanet ɗinsa na jan ƙafa, maganar farko ita ce wayar ta yi tsawo. Sai ka ga mutum ya ciro rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, daga inda take samun sabis mai kyau ya kawo ta kusa da kwamfuta don ya rage mita goma. Wahalar banza ce. Wayar intanet mai kai irin na RJ45, wato kan roba da ake cusawa a ramin kwamfuta ko rauta, an ƙera ta ne ta yi aiki har mita 100, kuma saƙo yana ratsa wannan tsawon cikin kusan rabin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Mai mita 5 da mai mita 80 gudunsu ɗaya, matuƙar wayar ta kirki ce kuma an haɗa kan daidai. A waɗannan biyun ake faɗuwa.

Fara da awo. Bi hanyar da wayar za ta bi da tef, ka haɗa da hawa bango da zagayen silin, ka ƙara mita biyu ko uku. Idan ya haura 90 ka dakata, domin ƙa'idar ita ce mita 90 a bango, sauran 10 na gajerun wayoyin da ke shiga na'ura ne.

Sai saye. Wayar aji-aji ce: Cat5e tana ɗaukar gudun megabit 1000 a daƙiƙa har mita 100, ta ishi kowane gida. Ni Cat6, ajin da ke gaba da ita, nake saya, don bambancin kuɗin bai kai ya hana ba. Amma kada rubutun jikin kwali ya ruɗe ka. Kasuwa cike take da waya mai rubutun CCA, wato alminiyom ne aka yi wa fentin jan ƙarfe. Tana da araha sosai, kuma ita ce ke sa tsawo ya zama matsala, saboda wuta ba ta bin ta kamar yadda take bin jan ƙarfe, ga saurin karyewa. Tun a shago ka ce a yanko maka ɗan guntu, ka kankare siliya ɗaya, wato ɗaya daga siraran wayoyin ciki, da reza. Idan fari ya bayyana a ciki, ajiye musu abinsu. Wanda zai sa kyamarar tsaro mai shan wuta ta wayar kuwa, kada ma ya kusance ta.

Yanzu ga inda na taɓa shan kashi, haɗa kai. A cikin wayar akwai siliyoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Murɗin nan shi ke kare saƙo daga hayaniyar wuta. Lokacin da nake koyo na ɗauka in dai launukan sun zo iri ɗaya a kai biyun, shi ke nan. Na jera su yadda suka zo mini a hannu, na gwada da guntuwar waya mita biyu, ta yi aiki lafiya. Da na yi irin wannan jerin a waya mai mita 40 zuwa sashen yayana, sai haɗin ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Kwana biyu ina zargin tsawo. Abin da ya ƙara rikita ni, ƙaramar testar nan ta gwada waya mai fitilu takwas duk ta kunna su a jere, domin ita abin da take dubawa kawai shi ne ko siliya ta isa ɗaya ɓangaren. Ba ta sanin an raba ma'aurata, wato siliyoyi biyun da aka murɗe tare.

Don haka ka haddace jerin launukan da ake kira T568B. Riƙe kan, zinaren yana sama, maƙallin yana ƙasa, ramin shigar wayar yana kallonka, ka jera daga hagu: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Lura da koren nan, ya tsallake shuɗaye biyu ya zauna a na shida. A nan masu koyo ke kuskure, sai su manna shi kusa da ɗan'uwansa. Kada ka warware murɗin fiye da milimita 13, kusan faɗin farcen babban yatsa. Yanke bakin su daidaita, tura har ka hango jan ƙarfen kowace siliya a ƙarshen kan, robar waje ma ta shige ciki, sannan ka matse da filayar kai sosai. Sayi kawuna da rara, za ka ɓata wasu.

Siliya ɗaya ta ƙi taɓawa, intanet ba lallai ya ɗauke ba. Megabit 100 siliyoyi huɗu kawai yake buƙata, 1000 kuwa sai duka takwas, don haka haɗin sai ya sauka zuwa 100 shiru. Shiga saitin Ethernet a kwamfutarka ka duba gudun haɗin. Ka ga 100 maimakon 1000, sake kai. In bai canza ba, duba rautar, wasu masu arha ramukansu iyakarsu 100 ke nan.

Wajen ja, kada ka haɗa ta bututu ɗaya da wayar wuta, ka nisanta ta da inbata da janareto, kada ka lanƙwasa ta kamar gwiwar hannu ko ka danne ta da ƙusa. Cikin silin sa ta a fayif saboda ɓera. Mai bi ta tsakar gida, nemi baƙar nan ta waje, rana tana farfasa irin wadda aka yi don cikin ɗaki. In nisan ya wuce mita 100, sa ƙaramin suwic, wato akwatin haɗa wayoyin intanet, a tsakiya, lissafin ya fara sabo daga nan. Tsakanin gini da gini kuma faiba, wato waya mai ɗaukar saƙo da haske ba da wuta ba, ta fi, saboda tsawar damina.