Yadda ake aiki da karkatattun haruffa a allon shago

Haruffa marasa ƙafa (wato marasa ƙananan layukan ado a ƙarshensu) da suka karkata dama, irin salon Helvetica Oblique mai karkatar digiri 12, suna nuna sauri da zamani. Sun dace da allon mai gyaran waya a unguwar PZ da ke Zariya.

Da farko rubuta "ɓera, ɗaki, ƙofa" a manhajar zane ta CorelDRAW, da salon haruffan da ka zaɓa. In masu ƙugiyar suka fito akwati ko suka tsaya cak a miƙe, salon ba shi da su. Koma Noto Sans Italic. Kada ka karkatar da rubutu da hannu, domin "o" takan kumbura gefe guda.

Sunan shago kawai za ka rubuta da karkatattun haruffa. Lambar waya kuwa bar ta a miƙe, mai wucewa kan babur ya karanta. Kafin kai aikin Sabon Gari a buga, zaɓi rubutun ka danna Ctrl+Q don ya koma zane, kada kwamfutar masu bugawa ta sauya haruffan.