Batirin ya shiga, amma ya dace? Kurakuran da ke kashe tocila mai araha

Yawancin tocilolin da na ga sun mutu, batir ne ya zama ajalinsu, kuma mai tocilar ne ya saka shi da hannunsa. Ni ma na yi. Wata rana na tsinci wani batir a cikin tarkacen wata na'ura da ta lalace, girmansa sak irin AA ɗin da kowa ya sani, an rubuta 14500 a jikinsa. Na zura shi a ƙaramar tocilata mai cin AA ɗaya, ya zauna daram, murfi ya rufu lafiya. Da na kunna sai haske ya fito kamar fitilar mota, har ina murna na yi tsintuwa. Ba a yi minti biyu ba hasken ya koma shuɗi-shuɗi, na ji ƙauri, sai ɗif.

Kama da wane ba ta wane. AA na yau da kullum bolt 1.5 yake bayarwa, shi kuwa 14500 batirin litiyam ne mai caji, ƙarfinsa bolt 3.7, idan ya cika taf ya kai 4.2. Kusan ninki uku ke nan. Farin ƙwan LED yana buƙatar wajen bolt 3 kafin ya kama, don haka tocila mai AA ɗaya tana da ɗan allon lantarki a bayan ƙwan, aikinsa ya ɗaga 1.5 ɗin zuwa abin da ƙwan ke so. Idan ka ba shi 4.2, babu abin da zai ɗaga, kuma a masu araha da yawa ba a yi shi don ya rage wuta ba, sai ta wuce kai tsaye ta toya ƙwan ko allon. Akwai tocilolin da aka ƙera su karɓi duka biyun, kuma masu ƙera su ba sa ɓoyewa, za ka ga an rubuta AA/14500 a kwali ko a takardar ciki. In ba ka ga haka ba, ka tsaya kan AA mai bolt 1.5, ko mai caji mai bolt 1.2.

Irin wannan tarkon yana nan a wasu girman. 10440 tagwayen AAA ne a ido, amma shi ma 4.2 yake kaiwa, don haka guda uku a tocilar da aka yi wa AAA uku za su ba ta 12.6 a maimakon 4.5. Haka 16340 da CR123A: na biyun bolt 3 ne kuma ba a cajinsa, biyu a jere 6 ke nan, amma 16340 biyu cikakku 8.4 ne. Lambobin nan masu biyar-biyar, don a sani, awo ne kawai. Biyun farko kaurin batirin ne a milimita, na gaba tsawonsa, wato 18650 kaurinsa 18, tsawonsa 65. Ba su faɗi komai game da ko tocilarka za ta ɗauka ba.

Sai kuma akasin haka, masu gudun batir mai caji na NiMH don sun ga an rubuta 1.2, suna ganin ya gaza 1.5 ƙarfi. A takarda haka ne. A cikin tocila mai jan wuta sosai, alkalin, wato batirin yau da kullum mai 1.5 da ba a cajinsa, yana fara sauka tun daga mintunan farko, ya yi ta dusashewa, shi kuwa NiMH yana riƙe 1.2 ɗinsa har kusan ƙarshe. Tsohon ƙorafin da ake yi a kansa, cewa yana zubar da caji in an ajiye shi, ya ragu sosai tun da kamfanin Sanyo ya fito da batirin Eneloop mai riƙe caji a 2005, kuma yanzu kamfanoni da dama suna yin irinsa. A ganina, tocilar AA ko AAA da ake kunnawa kullum ba ta da abokin zama kamar wannan. Wanda ya kamata a guda shi ne mara nauyin nan da ake rubuta wa Heavy Duty ko Super Heavy Duty. Sunan ne babba. Tsohuwar fasahar zinki da kabon ce, ya fi dacewa da agogon bango da rimot.

Mu zo kan tocilar nan mai kai da ake ja gaba da baya don faɗaɗa haske ko tsuke shi, wadda ta cika duniya. Takan zo da wani ɗan keji na roba mai ɗaukar AAA uku, da kuma wani bututun roba da mutane ke ɗauka shara ce su yar. Kada ka yar. Tocilar tana cin batirin litiyam 18650 a maimakon kejin, amma cikinta ya fi shi faɗi, bututun ne ke riƙe shi ya daina kai da kawo. In babu shi, duk girgizar da ka yi sai haske ya ƙifta ko ya tsallaka zuwa wani mataki. Tsakanin kejin AAA da 18650 na gaske kuwa babu haɗi, na biyun ya fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Amma 18650 ɗin ma ba ɗaya ba ne. Akwai mai shafaffen kai, akwai mai ɗan tudu a kai kamar na AA. Akwai kuma wanda aka ɗora wa ɗan allon kariya da ke yanke wuta idan caji ya yi yawa ko ya yi ƙasa, wannan yakan ƙara tsawo ya kai milimita 68 zuwa 70. Idan murfi ya ƙi ɗauruwa har ƙarshe, kada ka sa ƙarfi: ko ka lotsa batirin, ko ka danne sifirin ya daina dawowa, ko ka fasa allon da ke bayan ƙwai. Idan kuma mai shafaffen kai ya ƙi kamawa, wataƙila an yi wa tocilar wani zobe da ke hana wuta shiga in an juya batir, don haka sai mai tudu. Na ga masu cusa takardar alminiyam ko ɗan maganaɗisu don cike gibin. Ranar da abin ya goce ya haɗa kan batir da jikin tocila, a hannunka zai yi zafi. Sayo batirin da ya dace ya fi sauƙi.

Wajen sayen ne ake cin mutane. Za ka ga 18650 an zabga masa 6800mAh ko 9900mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka, da hoton harshen wuta a jiki. Na gaskiya daga manyan masu ƙerawa irin Panasonic da Samsung da LG, mafi ƙarfinsu wajen 3500 yake tsayawa. Duk wanda ya ninka wannan, ƙarya ce tsagwaronta, kuma wanda ya yi maka ƙarya a lamba ba zai yi maka gaskiya a kariya ba. Gwaji mai sauƙi shi ne nauyi: na ƙwarai yakan kai giram 45 zuwa 50, na bogi sau da yawa sai ka ji shi sakayau a tafin hannu.

Haɗa tsoho da sabo kuskure ne da kusan kowa ya taɓa yi. Haske ya rage, sai a canza ɗaya a bar biyu. A jere suke aiki, wuta ɗaya ce ke ratsa su duka, don haka idan tsohon ya ƙare, sababbin za su ci gaba da tura wuta ta cikinsa ta baya. Alkalin sai ya yi yoyo. Litiyam, musamman CR123A, yana iya yin zafi har ya fashe, kuma cikin bututun ƙarfe rufaffe. A canza su gaba ɗaya, iri ɗaya, kamfani ɗaya. Kada a haɗa NiMH da alkalin.

Yoyon nan shi ne farin garin da kake tararwa a kan sifirin idan ka buɗe tocilar da aka manta a aljihun tebur wata da watanni. Abin da ya fito daga alkalin ɗan'uwan soda ne mai cin fata, don haka ka kiyaye idonka, ka wanke hannu bayan ka gama. Ɗan ruwan lemon tsami ko khal a kan auduga yana narkar da shi. Ka goge, ka kankare sauran da bakin sukudireba har ƙarfen ya yi ƙyalli, ka bari ya bushe sarai. Tocilar da ba za a taɓa ba tsawon lokaci, a cire mata batir a ajiye gefe.

Caji ma yana da nasa. Alkalin da CR123A ba a cajinsu, ko da sun shiga cajar. Cajar NiMH daban, ta litiyam daban, sai dai in an rubuta tana gane duka biyun. Akwai kuma sabon AA na litiyam mai ba da 1.5, wasu har da ramin USB a jikinsu. Yana da kyau, amma ta ramin nasa ko cajarsa ake cika shi, kuma ba ya gargaɗi: haske na nan garau, sai kawai ya ɗauke.

Tociloli masu araha da yawa ba su da abin da zai kashe su idan 18650 ya kusa ƙarewa, za su yi ta tsotsa har ya faɗi ƙasa da bolt 2.5, inda yake fara lalacewa. Da ka ga haske ya dusashe a fili, cire ka sa a caji. Wanda ya kwanta a sifili tsawon lokaci, kada ka yi ƙoƙarin tayar da shi. Illar barin batir ya ƙare sarai ta shafi har tocilar da ake soka wa a soket kai tsaye, mai batirin dalma na bolt 4 a ciki. Barinta a mace na makonni ne ke sa ta daina riƙe caji.

Ka riƙa duba rigar batirin litiyam. Duk gwangwanin da ke ƙarƙashin ledar nan ɓangaren rashi ne, wato mai alamar ragewa, kuma a saman batir tazararsa da ɓangaren tarawa 'yar kaɗan ce. Idan ledar ta yage, a sake masa sabuwa ko a daina amfani da shi. Kuma ba a jefa shi tsirara a aljihu tare da makullai da tsabar kuɗi, ba a barinsa a mota cikin rana.

Idan tocilarka mai makunni a gefe ce, irin wanda ake dannawa ya yi ƙaramin ƙas, tana shan wuta kaɗan-kaɗan ko a kashe take, shi ya sa kake tarar da ita babu caji alhali ba ka kunna ba. A yawancin masu jikin alminiyam, sassauta murfin baya kwatan zagaye yana yanke wutar. Gwada ka gani: in ka sassauta ta ƙi kamawa, dabarar ta yi aiki.

Wadda ke da ramin USB-C kuma ta ƙi caji, kada ka yi saurin yanke mata hukunci. Wasu masu ƙerawa suna tsallake wasu ƙananan sassa biyu da ke sanar da caja cewa an jona abu, don haka wayar da ke da C a kai biyu ba za ta ba ta wuta ba. Nemo waya mai babban kan USB na da a gefe ɗaya, ka jona, ka duba ko ɗan jan hasken zai kama.