Shawara ga masu buga wasan kwamfuta na yaƙi Medieval II: Total War

Salam 'yan uwa. Jiya a majalisarmu ta Tudun Wada nan Gombe wani ƙanena ke kukan baitulmalinsa kullum a bushe. Na leƙa kwamfutarsa: sojoji kamar fari, ɗan kasuwa ko ɗaya babu.

Shi ɗan kasuwa sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, ba ya cin albashi. Kada ka girke shi kusa da babban birninka, ribar tana nesa. In Moors (daular Musulmin Arewacin Afirka da Andalus) kake riƙe da su, tura shi ya keta Sahara ya zauna kan zinariyar Timbuktu. Tafiyar da nisa kam, amma tana biya. Sai dai ka sa ido, takwaransa na abokan gaba da ya fi shi gogewa zai iya karya masa jari.

Ɗan leƙen asiri kuwa, shigar da shi gari kafin ka kai hari. In an dace ya buɗe maka ƙofa, ba sai ka jira tsani ba. Ni biyu ko uku nake turawa.

Makashi sabo ba ya taɓuka komai, bari ya fara koyo kan kyaftin ɗin 'yan tawaye tukuna.