Yadda ake gina ramin taki na kankare a gidan kiwo

Mai turkar shanu biyu ko uku a bayan gida ba ya buƙatar rami, kwando da shebur sun ishe shi. Amma da zarar bajimai sun kai goma, kashi da fitsari da ruwan wanke garke sukan haɗu su zama taɓo, ƙuda ya cika gida, maƙwabta su fara magana. Ga shi kuwa kuɗi ne ke malalewa a banza, don manoman albasa na fadamun Wurno da Goronyo ba sa raina taki.

A Amurka da Kanada, manyan gidajen kiwon aladu a ƙarƙashin daɓen garke suke gina irin wannan rami. A Sakkwato shanu da tumaki muke kiwo, kuma ya fi mana aminci ramin ya zauna a gefe, a sarari.

Fara da zaɓen wuri. Ka nisanta shi da rijiya ko rijiyar burtsatse da aƙalla mita 30, ya kuma kasance ƙasa da garke don ruwan ya gangaro da kansa. Idan filinka a fadama yake, kusa da gulbin Rima, ka tona ka gani a watan Agusta ko ruwa na tsattsafowa. Ramin da aka kwashe, in ruwan ƙasa ya taso, yana iya ɗaga shi ya tsaga daɓen.

Sai lissafi. Bajimi mai kilo 400 kan fitar da kusan kilo 25 na kashi da fitsari a yini. Goma a kwana 60 sun ba ka lita 15,000, ka ƙara ruwan wanki ya kai wajen 20,000. Rami mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, zurfin mita 2 ya ɗauke wannan, har da rarar santimita 30 a sama. In za ka wuce zurfin mita 2, nemi injiniya ya zana maka.

Birkila zai ce maka bulo mai inci tara da filasta sun isa. Kada ka yarda. Bangon nan ƙasa na tura shi daga waje, taki na tura shi daga ciki, bulo kuwa yana shan ruwa.

Bayan tono, a daddaɓe ƙasa, a shimfiɗa kankare mara ƙarfi kamar santimita 5 don rodi ya zauna a kan tsabta. A kai za a ɗaura rodi mai milimita 12, tazarar santimita 20 tsaye da kwance. Rodin bango daga cikin daɓe zai lanƙwaso ya miƙe, kuma inda biyu suka haɗu su haye juna da santimita 60. Kaurin daɓe da na bango, santimita 20.

A nan ne ake cin riba ko a tafka asara. Abin da ke kashe ramin taki tsatsa ce: ruwan taki ya ratsa kankare ya taɓa ƙarfe, ƙarfen ya kumbura, ya fasa bangon daga ciki. Don haka a bar santimita 5 na kankare tsakanin rodi da fuskar bango. Magina na yin 'yan ƙananan guntayen siminti da suke kira biskit, a ɗaure su da waya a jikin rodi. Ka zagaya da kanka kafin a rufe katakon da za a zuba kankare a cikinsa, ka cusa yatsu uku tsakanin rodi da katako. In ba su shiga ba, a kwance a gyara.

Kwaɓi kuma: buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon sarki uku na yashi mai tsabta, shida na tsakuwa, ruwa kada ya wuce lita 25. Leburori na son tsula ruwa don shebur ya yi sauƙi, kuma wannan ruwan ne idan ya ƙafe yake barin ƙofofin da taki zai bi. A zuba bango a zama ɗaya, ana girgizawa da inji ko ana soka sanda har kumfa ta daina tasowa. A mahaɗar daɓe da bango a sa robar tare ruwa, don nan yoyo ya fi farawa.

Ranar Sakkwato a watan Afrilu ta wuce digiri 40, iskar hunturu ma tsotse danshi take yi. A yi zubi da sassafe ko bayan la'asar, a lulluɓe da buhunan algarara, a riƙa jiƙawa safe da rana da yamma na mako guda aƙalla. Kada a mayar da ƙasa bayan bango ko a saki taki sai an cika kwana 28.

Daga ƙarshe a kewaye ramin da shinge saboda yara da awaki. Ranar kwasa, idan aka motsa taki, iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai takan taso. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a ƙasan rami take kwanciya, in ta yi yawa hanci ma ya daina jin ta, mutum ya faɗi nan take. A kwashe daga sama da famfo ko guga, a fitar da dabbobi daga kusa, kuma ko shebur ne ya faɗa ciki, da ƙugiya za a ciro shi.