Kurakuran da muke yi wajen sauƙaƙa wa majinyaci ba tare da magani ba

Abin da ya daɗe yana damuna a aikin nan namu na jinya shi ne yadda muke ɗaukan juya mara lafiya, goge masa jiki, wanke masa baki da gyara masa filo kamar wani ƙarin aiki ne da ake yi in an samu sarari. Alhali su ma magani ne, suna da lokacinsu da ƙa'idarsu, kuma in aka yi su ba daidai ba wallahi suna cutarwa kamar yadda ƙwaya ke cutarwa in an ba da ita ba bisa tsari ba.

Bari in fara da juyi tunda nan ne ɓarnar ta fi yawa. Kowa ya haddace "duk bayan awa 2", amma yaya ake juyin? Sai ka ga an kifa mutum gaba ɗaya a kan ƙashin kwankwasonsa, an ɗauke nauyi daga baya an jibge shi a wani ƙashin, toh me aka yi kenan. Abin da ake so shi ne a karkata shi kamar digiri 30 a tokare bayan da filo, a sa wani filon tsakanin gwiwoyi, wani kuma a ƙarƙashin sha-raɓa ta yadda diddige zai kasance a sama bai taɓa katifa ba, don diddige da ƙashin gindin baya su ne wuraren da gyambon kwanciya ya fi kamawa. Kuma dan Allah a daina jan mutum a kan zanin gado kamar buhu, ku zama ku biyu ku ɗaga shi da zanin, jan nan yana yaga naman da ke ƙarƙashin fata ko da sama ba ta nuna komai ba. Sai kuskuren da na fi gani har ga tsofaffin ma'aikata, wai in an ga wuri ya yi ja sai a murza shi da mai don jini ya zaga. A'a. Wurin nan ya riga ya ji rauni, murzawa ƙara lalata shi take yi, abin da yake buƙata kawai a ɗauke masa nauyi. Haka zoben roba ko na tsumma da ake ɗora mutum a kai, yana matse gefen wurin ne ya hana jini shiga. Wani abu kuma da ba a cika koya mana da kyau ba, ga mai duhun fata ba lallai ka ga ja ba sam, sai dai wurin ya fi sauran jiki duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ka ji ya yi ɗumi ko tauri, shi ya sa dole hannu ya taɓa, ido kaɗai ba ya isa. Ma'aunin Braden, takardar auna haɗarin gyambon kwanciya da ake cikewa a fayil, an yi shi ne don ya gaya maka wa ya fi shiga haɗari ka fi yawan leƙa shi, ba don a cike takarda a rufe ba.

Zazzaɓi kuma, jiki ya yi zafi sai a ɗebo ruwan sanyi ƙarara ko ma na ƙanƙara a shiga labta wa mutum. Me zai biyo baya? Jijiyoyin fata su tsuke, ya fara karkarwa, karkarwar nan kuma zafi take ƙerawa, sai ka ga bayan ɗan lokaci ma'auni ya ƙara hawa ga shi an wahalar da bawan Allah. In za a goge jiki a yi da ruwa mai ɗan ɗumi, a rage masa kaya da bargo, a ba shi abin sha in an yarda ya sha, da zarar ya fara rawar sanyi a dakata. Sifirit kuwa kar ma a fara shafa shi, musamman ga yara, yana shiga jiki ta fata da ta numfashi.

Ƙanƙara da gashi duk suna rage ciwo amma ba kai tsaye a kan fata ba, a naɗe da tawul, minti 15 zuwa 20 a cire a duba wurin. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, da wanda ya shanye, da wanda bai cikin hayyacinsa, da wanda allurar kashe jiki ba ta gama sakinsa ba, waɗannan ba a sa musu jakar ruwan zafi don ba za su ce maka ta ƙona su ba. Na taɓa ganin wani dattijo da aka sa wa ita a ƙafa da dare saboda tausayi, da safe muka tarar da bororo, ƙunar nan ta fi ciwon da ya kawo shi daɗewa. Tausa ma haka, tana da daɗi tana kwantar da hankali, amma in sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi tana ciwo kar ka taɓa ta, ƙila gudan jini ne a jijiya, in ya ɓalle huhu zai nufa. Likita za ka kira.

Yanzu sarƙewar numfashi. Mu dai da mun ga mutum yana haki sai hannu ya tafi kan oksijin, mu manta cewa shi ma oksijin magani ne da ake aunawa, kuma in na'urar yatsa ta nuna iskar jininsa daidai take ba lallai ya rage masa jin maƙurewar ba. A fara da zaunar da shi ya ɗan sunkuyo gaba ya ɗora hannaye a kan tebur da filo, a rage cunkoson mutane a kansa, a sa ƙaramar fanka tana hura masa a fuska, wajen hanci da baki, ba a ƙirji ba, iskar da ke taɓa fuska ce ke rage wa ƙwaƙwalwa jin cewa iska ta ƙare. Sannan a daina ce masa "ja numfashi da ƙarfi", matsalarsa sau da yawa fitarwa ce. Ya shaƙa ta hanci ka ƙirga 2, ya tsuke leɓe kamar mai hura wuta a hankali ya fitar ka ƙirga 4, kai ma ka yi tare da shi yana kallonka, kuma kar ka tafi ka bar shi, tsoro rabin hakin ne. Amma in hakin sabo ne ya zo farat ɗaya, wannan ba na fanka ba ne, a sanar nan take.

Wanda ake ba abinci ta robar hanci, ɓangaren kai na gadonsa ya zama a ɗage digiri 30 zuwa 45 lokacin bayarwa, ya kuma zauna haka aƙalla rabin awa bayan an gama. Kwantar da shi nan da nan don a gyara gado shi ke sa abinci ya dawo ya faɗa huhu.

Maganar ciwo ce take ɓata min rai. Mutum an yi masa tiyata jiya yana cewa ciwonsa 8 cikin 10, sai a ce masa yi haƙuri, yi numfashi, kalli talabijin. Dabarun nan ƙari ne a kan maganin ciwo, ba a madadinsa suke ba. Wani kuskuren kuma, in an ga yana hira ko ya ɗan yi barci sai a ce ashe ƙarya yake, ai ɗauke hankalin ne ya yi aiki. Tun 1965 masana biyu, Melzack da Wall, suka yi bayanin yadda taɓawa da abin da hankali ya tafi kai ke iya rage saƙon ciwo kafin ya kai ƙwaƙwalwa, kuma a 1968 wata nas, Margo McCaffery, ta kafa ƙa'idar cewa ciwo shi ne abin da mai jinsa ya ce yana ji. Ka koya wa mai ɗinki a ciki ya rungume filo a kan wurin in zai yi tari, kuma tun kafin a shiga da shi tiyata za ka koya masa, ba lokacin da yake murƙususu ba. Jariri kuma in za a soke shi a ɗauki jini, ya kasance a ƙirjin uwarsa yana shan nono tun kamar minti 2 kafin allurar, ba a fizge shi a danne ba sannan a miƙa mata shi yana kuka.

Dare kuma mu ne muke hana su barci. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1999 ta ce hayaniyar ɗakin majinyata da dare kar ta wuce desibel 30, wato kamar raɗa, mu kuwa ga hira a tebur, ga waya, ga ƙarar keken magani, ga fitila tarwai, a tashe shi awo, a dawo a tashe shi magani, a sake dawowa duba ƙarin ruwa. In babu larura a haɗa ayyukan a zuwa ɗaya. Tsoho in ya rasa barci kwana biyu sai ya fara sambatu yana fizge roba, mu kuma sai a ɗaure masa hannu, ɗaurin nan ƙara ruɗa shi yake. A mayar masa da tabaransa da na'urar jinsa, a buɗe labule da rana, a gaya masa yau wace rana ce da inda yake, a bar wanda ya saba da shi kusa, a duba ko fitsari ne ya riƙe shi ko bai yi bayan gida ba. Binciken da Sharon Inouye ta jagoranta a Amurka a 1999 ya nuna irin waɗannan matakan sun rage ruɗewar tsofaffi a asibiti daga kashi 15 zuwa kusan kashi 10 cikin ɗari, ba da wata ƙwaya ba.

Baki kam an manta da shi kwata-kwata, musamman ga wanda aka hana ci. Buroshi mai laushi sau biyu a rana, a riƙa jiƙa bakin da ruwa tsakani, a shafa wa leɓe abin da zai hana shi tsagewa. Audugar nan mai lemun tsami da gilisarin ƙara busar da baki take yi.

Sai dawowa. Ka sa fanka, ka juya shi, ka ɗora ƙanƙara, toh ka koma bayan rabin awa ka tambaye shi "Baba, yaya yanzu, ya ragu ko yana nan?" In ya ce ɓangaren hagu ya fi masa daɗi, ko ba ya son a taɓa shi, ko fankar tana taimaka masa, ka rubuta a fayil da lokacin da ka yi, ka kuma faɗa da baki wajen miƙa aiki don mai dutin dare ya ɗora daga inda ka tsaya.